Dodon Dalma da Bokitin Mma

Shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya, kawuna ya dawo gidanmu na unguwar Changli da jaka ɗaya da tabarma a naɗe. Ƙanin Mma mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Ya daɗe a Legas yana rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, kuma duk abin da na sani game da shi bai wuce wani hoto da ya aiko ba, yana jingine da motar da ba tasa ba. Ranar da ya iso, matan unguwa suka cika mana tsakar gida suna jira a buɗe jaka, domin sauran 'yan Agege, kamar yadda ake kiran masu dawowa, sun zo da rediyo da sabulu da atamfa. Kawu ya zuge jakar. Riguna uku ne a ciki, da burushi huɗu ɗaure da tsumma, da 'yan gwangwanayen fenti, sai wani gwangwanin biskit mai hoton furanni. Mma ta riga kowa kai hannu kan gwangwanin biskit ɗin. Da ta ɓalle murfin, sai ga mutane biyar kwance cikin auduga.

Na dalma ne, masu launin toka, huɗu daga cikinsu ba su fi ɗan yatsana tsawo ba. Akwai mai baka, da mai takobi, da tsoho mai gemu da sanda, da wata mace riƙe da garkuwa. Na biyar ya fi su duka girma da nauyi. Ƙusumbi gare shi, hannuwansa sun kai gwiwa, haƙora biyu sun ɓullo daga leɓensa na ƙasa, yana jan kulki, yana tsaye a kan wani ɗan faifai mai kauri. Kawu ya ce wani Bature da ya yi wa fentin gida ne ya ba shi su da zai koma ƙasarsu. Baturen da abokansa sukan zauna a tebur ranar Lahadi suna wasa da irinsu, shi kuwa yana kan tsani yana leƙe ta taga. Baturen yana kiran babban da wani suna, wai "turol". Mu dai tun ranar muka sa masa Dodo.

"Wannan ka je Legas ka kwaso mana?" in ji Mma. "Gumaka?"

"Ba gumaka ba ne, Yaya. Kayan wasa ne."

"To madalla. Yau sai mu dafa wasa mu ci."

Matan suka yi dariya, suka watse.

Ina aji biyar a lokacin, kuma ban cika magana ba. A sukuru, wato makarantar boko, malamarmu sai ta kira sunana sau biyu kafin ta ji amsa, alhali na amsa tun farko. Abin da na iya shi ne kallo. Na ga yadda ƙashin wuyan Mma ya fito a shekarar, har maƙwabciyarmu tana tsokanarta wai ta sayi sabuwar sarƙa. Na san ranar da tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da ranar da ya zama na jar masarar agaji mai warin buhu. Baba yana raka shanu Kumasi, sai mu yi wata biyu ba mu gan shi ba. Mma tana sayar da kayan yaji a tire a ƙofar gida, citta da kanumfari da barkono da gangamau. Famfon unguwa ya daina fitar da komai sai iska, saboda haka daga dam muke ɗebo ruwa, can wajen Dungu. Mma ce ke ɗaukar babban bokitin ƙarfe a ka, ni ina biye da ita da ƙaramar tukunya.

Kawu bai samu aiki ba. Wa zai sa a rubuta masa allo a kan shagon da babu komai a ciki? Burushinsa suka zauna a rataye jikin ƙusa. Yakan yini a gindin darbejiyar tsakar gida yana kallon ƙasa. Wata rana da yamma sai ya jawo tsohon teburin Baba mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ya tokare ta da dutse, ya ce in ba shi guntun allin da nake tsintowa a ƙasan aji. Ya zana gari, ya zana daji da gada da duwatsu, can ƙarshen teburin kuma ya zana dam. Ya ɗora Dodo a bakin dam ɗin, ya ce shi ne ya tare ruwan gari, sai an kai gare shi za a sha.

'Yan biyun maƙwabciyarmu ne abokan wasan. Mata ne, sun girme ni da shekara ɗaya, kuma ana jin muryarsu tun daga bakin titi, rabi Hausa rabi Dagbanci. Kowacce ta ɗauki mutum biyu. A jefa ƙwayar ludo, a matsa gaba, Kawu ya faɗi abin da aka tarar a hanya, ke kuma ki faɗi abin da za ki yi, sannan a sake jefawa a ga ko ya yiwu. Wasan duk na baki ne, shi ya sa na tsaya a baya. Kawu ya dube ni ya ce, "Auta ce Dodo. Dodo ba ya surutu." Ni nake matsar da shi, ni nake jefa masa ƙwaya, in an zo wurin gurnani Kawu ya yi mini.

Ba wanda ya san Dodon nan kamar ni. Na ƙirga ƙurajen da ke bayansa. Na san farcen babban yatsansa na hagu a karye yake, da gangan aka yi shi haka. A ƙugunsa akwai bante da 'yar jaka, kuma in ka karkata shi wajen haske za ka ga kan ɗan kwaɗo ya leƙo daga ciki. 'Yan biyu sun yi wata uku suna yaƙi da shi ba su taɓa ganin kwaɗon ba. Kawu ya ce na Baturen duk masu launi ne, waɗannan biyar ne bai kai ga shafawa ba. "Wata rana zan shafa muku su," yakan ce. Ranar ba ta zo ba.

Abin da ya zo shi ne Baba mai faci. Tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, yana bi unguwa-unguwa duk ranar kasuwa da ɗan kurfotinsa na hura gawayi da jakar fata, yana buga ƙarfe a jikin kwano yana cewa, "Faci! Faci!" A shekarun nan ba a jefar da kwano don ya huje. Amma dalmar faci ita ma ta ɓace daga kasuwa, sai in mai kwano ya kawo tasa. Ranar da tukunyar miya ta huje, Mma ta ɗauki mai baka ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta dubi Kawu. Sannan ta miƙa wa mai faci. Na tsuguna kusa da kurfoti na ga mai baka ya durƙusa cikin gwangwanin sadin, ya zama ɗan ruwa mai ƙyalli. Bayan shi mai takobi ya tafi a butar alwala, mai gemu ya tafi a kwanon wanka, macen kuma a tukunyar maƙwabciya, don ita ma ta taɓa ba mu gishiri. Muka ci gaba da wasa da murfin kwalba da ƙwallon dabino da wuri da maɓalli. Dodo kaɗai ya rage mai fuska.

Wata Asabar da safe, muna dawowa daga dam, na ga ruwa yana bin bayan wuyan Mma yana shiga rigarta. Kwana uku ke nan tana cusa tsumma a gindin bokitin, ranar kuwa tsumman ya gaza. Kafin mu kai gida ruwan ya sauka da kusan taƙi guda. Mma ta sauke, ta daɗe tana kallon cikin bokitin, sannan ta juye abin da ya rage a randa.

"Yau kasuwa," ta ce. "Baba mai faci zai biyo bayan la'asar. A fito mini da wancan mai ƙusumbin."

"Yaya," in ji Kawu daga gindin darbejiya, "shi kaɗai ya rage fa."

"Bokiti ma shi kaɗai ya rage."

Ban yi kuka ba, ban kuma roƙe ta ba, don na ga ruwan da ya jiƙa mata baya. Na shiga ɗaki na buɗe gwangwanin biskit. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran huɗun duk sun shiga wuta da launin toka, ba su taɓa sa riga ba. Na ce shi kam ba zai tafi haka ba. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wani abu da ban yarda na faɗa wa kaina sosai ba: wataƙila in Mma ta gan shi da ido da haƙora, hannunta ba zai iya miƙa shi ba. Daga hantsi zuwa la'asar, iyakar lokacin da nake da shi ke nan.

Na saci hanya na sauko da ƙaramin burushin Kawu, na ɓalle gwangwanin koren fenti da cokali. Saman fentin ya yi fata, na huda ta. Fentin da na taɓa gani ana yi shi ne na ƙofa da taga gab da salla, saboda haka yadda ake yi wa ƙofa haka na yi wa Dodo. Na tsoma burushi ya sha sosai, na lafta masa tun daga kai har gwiwa. Na ɗaga shi wajen haske. Ƙurajen sun nutse. Ido da hanci sun haɗe. Kwaɗon ya ɓace cikin jaka. Na kai shi bayan ɗaki na ɗora kan katanga a rana, ina taɓawa da yatsa bini-bini, fentin yana biyo yatsan kamar danƙo.

Warin ne ya kawo Kawu. Ya tsaya a kaina, ya dubi Dodo, ya dubi hannuwana.

"Auta, wa ya yi masa wanka da miyar kuka?"

Na sunkuyar da kai.

"Wannan fentin mai ne. Sai gobe war haka zai bushe, in ma ya bushe. Kina so ya shiga wuta yana ɗiga?"

Na girgiza kai. Sai ya leƙa tsakar gida ya ga Mma tana ƙofar gida wajen tirenta. Ya shiga ɗaki a hankali, ya karkata fitilar ƙwai, ya tsiyayo kananzir cikin murfin kwalba. Kananzir ɗin nan Mma ta yini a layi kafin ta samo shi, duk mun sani. Ya jiƙa tsumma ya goge Dodo, ya bi lungu-lungu da tsinke, sannan ya ba ni ya ce in cuɗe shi da toka in ɗauraye, har sai ya daina santsi.

"Yanzu kawo tawadarki ta makarantar allo."

Na ɗauko 'yar kwalbar. Baƙin tukunya ne da ƙaro, ni na haɗa ta da kaina.

"Shafa masa duka. Siririya, kamar ruwan shayi. Ki bar ta ta gangara ta shiga ramuka."

"Baƙi?" Wannan ce maganata ta farko a ranar.

"Baƙi. Ƙaramin abu da duhu ake fara shi. Hasken daga baya ake ɗora shi a sama."

Na shafa. Tawadar ta bi tsagar haƙarƙari, ta zagaye kowane ƙurji, ta kwanta cikin kwarmin ido. Muka ajiye shi a kan katanga, kafin in gama wanke hannu ya bushe. Sai ga shi ya dawo, har ya fi da fitowa. Kwaɗon ma ya sake leƙowa.

Aka kira azahar. Da muka idar, Kawu ya samo fasasshen faranti ya ce in kawo bulun wanki, da gangamau kaɗan daga tiren Mma, da guntun alli, da sauran ƙaro. Bulun ɗan ƙulli ne da Mma ke adanawa don farar rigar Baba. Gangamau kuwa na je na tsaya kusa da tire na daɗe, har Mma ta ce, "Me kike so?" Na nuna. Ta dube ni, ta dubi koren da ya maƙale a farcena, ta tsakuro mini da yatsa biyu ba ta tambayi komai ba.

Kawu ya daka allin da gindin cokali, ya haɗa shuɗi da rawaya da ruwan ƙaro, yana juyawa, sai ga kore irin na gansakukar bakin dam. Tun dawowarsa ban ga hannunsa ya yi sauri haka ba. Amma bai taɓa Dodo ba. Ya karyo reshen darbejiya ya ce in tauna bakinsa kamar asawaki har ya yi laushi. Ɗacinsa ya cika mini baki.

"Tsoma. To, goge a tsumma. Ƙara gogewa."

"Ya ƙare ai, Kawu."

"Bai ƙare ba. Ƙara."

Na yi ta gogewa har tsumman ya daina nuna komai. Sai ya ce in share bayan Dodo da shi, sama-sama, da sauri, kamar mai kaɗe gari daga zane. Na yi sau ɗaya, ban ga komai ba. Na yi sau biyar, sau goma. Can sai koren ya fara hawa, amma a kan tudu kawai: kan ƙusumbi, kan ƙuraje, gwiwar hannu, ƙashin gira. Ramukan duk suka zauna da baƙinsu. Har yau ban manta ba. Kamar naman jikinsa ne ke tasowa daga cikin duhu yana zuwa wajena.

"Ƙara alli a cikin koren," in ji Kawu. "Yanzu inda rana ke bugunsa kawai. In yana tsaye a bakin dam da tsakar rana, ina za ta taɓa?"

Wannan na sani. Na sha bin bayan Mma da tsakar rana. Kafaɗa, da tsakiyar ka, da karan hanci, da bayan hannu.

Inuwar katanga ta fara miƙewa. Na ruga bayan gida na tsinto gashin zabuwa, Kawu ya fiƙe mini gindinsa da reza kamar alƙalami. Da shi na ɗiga farin alli a haƙoran nan biyu, na ɗan taɓa su da gangamau don kada su yi tsabta da yawa. Ja kuwa daga karan dafi na samo shi, wanda Mma ke jefawa a tukunyar wake da shinkafa lokacin da akwai shinkafa. Na jiƙa ganye biyu a ruwan zafi kaɗan, na sa ƙaro, na shafa wa bantensa. Da ya bushe sai na ga ya yi fili da yawa, na bi shi da ɗigo-ɗigon fari uku-uku. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne ya tuna wani zane. Da allura na tsaga masa faso a dugadugai, don wanda ke yini a bakin ruwa ba takalmi dole ya yi faso. Kwaɗon na ba shi rawaya. Ido ne na ƙarshe. Na riƙe numfashi, na ɗiga rawaya biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma.

"Ya ɓaci," na ce.

"Bar shi. Dodo ne, ba ango ba."

Sai aka kira la'asar. Faifan da yake tsaye a kai, wanda nake riƙe shi da shi tun safe, ko tawada bai samu ba. Yana nan da launin dalmarsa, yana ƙyalli saboda cuɗar toka.

"Ba lokaci," in ji Kawu. "Kira 'yan biyu."

Suka zo da gudu. Kawu ya sabunta zanen tebur, na ɗora Dodo a bakin dam. Karo na farko a rayuwata na ga 'yan biyu sun yi shiru tare. Babbar ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa shi.

"Woi! Yana kallona!"

"Ke yake kallo da babban idon, don ke ce mummuna," in ji ƙaramar. "Kai, wannan mene ne a jakarsa? Kwaɗo! Yaushe ya samu kwaɗo?"

Muka fara. Murfin kwalba ya haye gada, ƙwallon dabino ya faɗa rami, aka yi gardama ko maɓalli ya iya iyo. Suna gab da dam, sai muka ji daga can bakin titi, ƙwang, ƙwang, ƙwang. "Faci! Faci!" Babbar ta jefa ƙwaya, ta fito ɗaya. Ni na jefa, ta fito shida. Kawu ya buɗe baki zai yi gurnani, amma ƙarar kwanon ta riga ta iso ƙofar gida, sai ya rufe.

Baba mai faci ya yi sallama, ya sauke kurfoti a inuwa, ya fara hura gawayi. Mma ta kife masa bokiti a gabansa, ta zo bakin tebur ta miƙo mini tafin hannu. Na ɗauki Dodo na ɗora mata.

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. Ta ɗaga shi kusa da fuska. Ta juya shi baya, ta sake juyo shi.

"Wannan zanena ne," ta ce. "Zanena na ɗebo ruwa ya ɗaura."

'Yan biyu suka tuntsire da dariya. Sai lokacin na dubi zanen da ke jikinta, ja mai ɗigon fari uku-uku.

"Har da fasona! Ke Auta, ni ce Dodon?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba faɗa take yi ba. Tana murza dugadugansa da babban yatsa, bakinta yana motsi kamar za ta yi dariya, idonta kuma bai yi ba. Ta dubi bokiti. Ta dubi Dodo. Baba mai faci ya miƙo hannu ya karɓa, ya gyara tabarau.

"Uwar gida, wa ya ɓata mini dalma da kwalliya? Sai na kankare wannan duka kafin ta kama. Ga dai gindin nan, shi ne mai tsabta."

Ban san lokacin da muryata ta fito ba.

"Gindin ya isa."

Kowa ya juyo. Amma na riga na fara.

"Ramin bokitin bai fi ƙwayar dawa biyu ba. Ranar tukunyar miya, abin da ya shiga ramin bai kai ƙafar mai baka ɗaya ba. Sauran ka zuba a ƙasa ya daskare, ka sa a aljihun jaka na hagu. Haka na buta. Haka na kwano."

Can sai tsohon ya fashe da dariya har tabaraunsa ya zamo.

"La ilaha illallahu! Uwar gida, ashe jikar nan tawa idonta a cikin jakata yake kwana! To ai ladan aikina ke nan, 'yar nan. Ragowar dalma ta mai faci ce, haka muka tarar. In na yanki gindi kawai, ni da me zan koma gida?"

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mun san haka. Na dubi Mma. Sai ta shiga madafi, muka ji ta buɗe kwano. Ta fito da malmalar tuwo guda a ganye da ƙullin barkono, ta ajiye kusa da kurfoti. Na san malmalar. Guda uku aka tuƙa a ranar, kuma ba tawa ba ce, ba ta Kawu ba ce.

"Yanki gindin, Baba," ta ce. "In bai isa ba ka haɗa da kulkin."

Bai isa ba, sai da aka haɗa da rabin kulkin. Tsohon ya sa ɗan zarto a ƙarƙashin tafin ƙafar Dodo yana yanka a hankali, harshensa a waje, yana cewa, "Yi haƙuri, Malam, ba zan taɓa maka faso ba." Faifan ya narke cikin gwangwanin sadin. Ya kankare bakin ramin, ya ɗiga, ya danne da ƙarfe mai zafi, ya tofa yawu ya yi cuu. Mma ta zuba ruwa moɗa ɗaya ta ɗaga bokitin sama tana kallon gindinsa. Ko ɗigo.

Dodo kuwa ya kasa tsayuwa. Duk inda aka ajiye shi sai ya kife da fuska. Ƙaramar 'yan biyu ce ta ba da murfin kwalbarta, wanda shi ne jaruminta, na cika shi da yumɓu na dasa ƙafafun a ciki. Muka ƙarasa wasan kafin magariba. Ban tuna wanda ya ci ba. Na tuna dai da aka raba tuwo, ni da Kawu kowa ya gutsuri rabin nasa ya tura gaban Mma, ta ce ita ta ƙoshi, sannan ta ci.

Fentin ƙaro ba ya son gumi. Kafin damina ta wuce koren kafaɗa ya goge, sai in sake tauna darbejiya in mayar. Na shafa shi ya fi sau goma, kowane karo ina ƙara sauri, amma idon nan babba da ƙarami ban taɓa gyara shi ba. Bayan shekara biyu Kawu ya samu aikin rubuta motoci a tasha, 'yan biyu suka koma Jisonayili wajen kakarsu, teburin Baba ya shiga murhu. Dodo ya ɓace a wata ƙaura da muka yi, da shi da gwangwanin biskit ɗin.

Bokitin ya fi shi daɗewa. Har na yi girman da ni nake ɗaukarsa a ka daga Dungu, kuma in na kai hannu in gyara gammo, yatsana yakan taɓa ɗan tudun facin nan, mai santsi, mai sanyi saboda ruwan da ke bayansa. Mma kuwa har ta tsufa, in za ta aike ni ɗauko bokitin ba ta cewa bokiti. Sai ta ce, "Auta, miƙo mini takalmin Dodo."